Turken Makau a Tafkin Dorina

Kai Sagiru, ba ka ji kunya ba? Shekara goma sha biyar kana shan ruwan garin nan, sai yau kake tambayar wanda ya kafa turken tafki? Me ake koya muku a bokon? Ku gyara zama, kada wanda ya katse ni.

A zamanin da, kogin nan ba shi da mai tsawata masa. Da damina ya cinye gidaje, da rani ya kafe ƙaf. Manoma su datse ɗan abin da ya rage, masunta su fasa datsin, Fulani su koro shanu cikin shuka. Ba shekarar da ba a binne mutum saboda ruwa.

A lokacin aka yi Makau ɗan Tambai, maharbi, gagara-daji, mai kwana inda zaki ya tashi. Wata rana yana bin sawun dorina, ya ga hanyar da suka tattake ta baro kogi ta gangara wani ƙaton kwari. An ce uwar garken ta juyo ta dube shi, sannan ta yi gaba a hankali don ya biyo. Ya dawo ya tara mutane, suka yi kwana arba'in suna haƙa hanyar nan. Da ambaliya ta zo, can ta bi. Gari ya tsira, kwari ya zama tafki.

Makau ya kafa turken ƙirya a cikin ruwan, ya yi masa tsaga. Ya ce, "Ran da ruwa ya sauka ƙasa da tsagar nan, kowa ya kwance jigonsa na ɗiban ruwa, ban ruwa ya ƙare. Saura na kifi ne da shanu da bakin mutane." Manoma da masunta da Ardon Fulani duk suka amsa.

Shekara ta huɗu aka yi fari. Ruwa ya bar tsagar saura kwana goma albasar Makau ta isa cira, kuma ita ce abincin gidansa na shekarar. Sai ga surukinsa Nomau, Sarkin Noma, da taɓarya a kafaɗa.

Ya ce, "Ɗan Tambai, mu buga turken ya nutse taƙi ɗaya, tsagar ta koma cikin ruwa. Wa zai gani?"

Makau ya ce, "Baba, in turke ya nutse, ruwan ƙaruwa zai yi?"

Matarsa Tsahara ta ce, "Maigida, tsagar za mu dafa wa yara?"

Makau ya zaro wuƙar farautarsa, ya tsinke igiyar jigonsa a gaban jama'a, guga ya faɗa. Albasa ta bushe yana kallo. Tafasa da rama suka ci har kaka, Tsahara ta yi wata guda ba ta ce masa sannu ba. Amma kafin la'asar ɗin ranar da ya tsinke igiyar, babu jigo ɗaya a tsaye. Ruwan ya kai su har saukar damina, iya idon sawu ya rage, ko maraƙi bai mutu ba.

Sau shida ana sake turken. Har gobe ba a dukansa, ba a ɗaura masa kwalekwale. In ruwa ya bar tsaga, gidanmu, jikokin Makau, mu ke fara kwancewa. Bana injin ban ruwan ubanku ne za a fara kashewa, ya yi ta kumbure-kumburensa.

Ku tashi ku kwanta. Kai kuma rufe min randar nan, ka bar ta a buɗe.