Lambar da Aka Rufe da Hoton Mamaci

Akwai wata mata a birnin Plovdiv, sunanta Nevena, tana haya a wani tsohon bene mai hawa shida. Mai gidan, Lyuben, irin mutanen nan ne da in ka ce musu rufi na yoyo, sai su tambaye ka ko kai ka gina gidan.

Da mahaifinsa ya rasu, ya buga takardar mutuwa mai hoto, kamar yadda kowa ke yi a can. Bango ga shi nan fili, amma sai ya shafa gam ya manna ta a allon sanarwa na bakin ƙofa, daidai kan katin da ke ɗauke da lambar wayar Bai Dobri, sabon mai kula da gidan. Ba a ma riga an kwafi lambar ba.

Nevena ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce, "Maigida, ka rufe mana lambar Bai Dobri."

Ya ce, "Au, mahaifina ne zai matsa wa mai gyaran famfo? In kuna da matsala ku kira ni."

Daga nan aka bar takardar a wurin. Wa zai kai hannu kan takardar mamaci?

Ranar arba'in ta faɗo cikin watan Agusta, ana irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Nevena ta dawo daga kasuwa da tsakar rana, sai ta ji ana buga ƙarfe daga cikin lifta. Liftar ta tsaya tsakanin hawa na biyu da na uku. Nevena ta haura da sauri.

"Wa ke ciki?"

"Ni ce, 'yata, Tsveta. Na kawo muku alkamar sadaka."

Baba Tsveta mahaifiyar Lyuben ce, matar mamacin, kuma kowa ya san tana fama da ciwon zuciya. Ta zo raba wa maƙwabta dafaffiyar alkama don su yi wa mijinta addu'a, liftar ta maƙale da ita a akwatin da ko iska ba ta shiga.

Makullin ɗakin injin liftar yana hannun Bai Dobri. Nevena ta kira Lyuben, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, yana can wurin cin abinci da baƙin arba'in. Ta kira 'yan kwana-kwana, suka ce suna tafe, amma daga bayan gari.

"Baba, yi mini magana!"

"Ina jin ki... numfashin ne."

Nevena ta sauka da gudu ta tsaya gaban allon. Tsohon yana kallonta daga cikin hoton da baƙar kwat ɗinsa. Ta kai farce gefen takardar.

Maƙwabciyarta Ginka ta riƙe mata hannu, tana alamar gicciye. "Kin haukace? Yau arba'in ɗinsa! Kina so ya biyo ki gida?"

"To in bar matarsa ta bi shi?"

Muryar tsohuwar ta gangaro ta ramin lifta, ƙasa-ƙasa. "Me kuke ja-in-ja a kai?"

Nevena ta ɗaga murya ta gaya mata. Sai tsohuwar ta ce, "Cire shi. Da ransa ma bai taɓa tare wa kowa hanya ba."

Gam ɗin ya kama sosai. Da ta ja, sai katin ya fara ɓantarewa tare da hoton. Ginka da kanta ta kawo jiƙaƙƙen tsumma, suna dannawa suna ɓarewa a hankali, lamba na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sama kuma an daina buga ƙarfen.

Nevena ta kira lambar. Ashe Bai Dobri yana layin baya yana shan kofi. Ya iso yana haki, ya haye ɗakin injin, ya sauko da liftar da hannu. Suka tarar da Baba Tsveta zaune a ƙasa, jiki sharkaf da gumi, leɓe ya yi fari, kwanon alkama rungume a ƙirjinta. Tana da rai.

Suna yi mata fifita a kan matakala Lyuben ya shigo. Idonsa bai fara sauka kan kowa ba sai kan allon.

"Wane marar mutunci ne ya yaga mahaifina?"

"Ni na ce a yaga," in ji tsohuwar.

Ya juyo, ya ga uwarsa jingine da bango, rigar makokinta a jiƙe.

Ta dube shi ta ce, "Kada ka damu da takardar, ɗana. Saura ƙiris yau ka je a buga maka biyu, tasa da tawa."

Darasi: In kana da 'yan haya, sa lambar mai kula da gida inda kowa zai gani, kada girman kai ko baƙin cikinka ya rufe ta. Ba ka san wa za ta ceta ba, wataƙila naka ne. Tura wa duk mai gidan haya da ka sani, yau ɗin nan.