Wanda Yake Tafiya a Bayan Kowa

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Irmiya, shi ne shugaban wata ƙungiyar masu gudun motsa jiki. Kowace Asabar da sassafe sukan taru a bakin makarantar firamare, maza da mata, su zaga ta bayan kasuwa, su haye gada, su komo. Irmiya dai Allah ya ba shi ƙafa, ya kuwa san da haka. Kullum shi ne a gaba, kuma ba ya waiwaye.

A cikinsu akwai wani tsohon kafinta, Baba Filibus. Shekara tara yana zuwa, bai taɓa isowa ba sai kowa ya iso. Matasa sukan tsokane shi su ce, "Baba, ko mu aiko maka da amalanke ne?" Shi kuwa sai ya yi dariya ya share gumi. Irmiya yana ƙaunarsa, amma can cikin ransa yana ganin tsohon cika yawa kawai yake yi.

Ana nan sai Baba Filibus ya kwanta ciwo na kwana uku, Ubangiji ya kira shi gida. Rasuwar ta taɓa Irmiya ƙwarai, ya ce dole a karrama tsohon. Aka buga riguna da hotonsa, aka sa ranar tsere da sunansa, har da kofi. Da ranar ta zo, Irmiya ya ce wa jama'a, "Yau kowa ya zage ƙarfinsa domin Baba." Aka kwasa da gudu kamar ana korar su. Irmiya ya zo na ɗaya, ya karɓi kofin da shi da kansa ya zaɓo a kasuwa. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto, aka watse.

Yana komawa gida a kan babur sai ya hangi wata mace zaune a bakin gada, sanye da rigar mai hoton Baba. Mama Laraba ce, wata gwauruwa da likita ya ce mata in ba ta riƙa motsa jiki ba hawan jini zai kwantar da ita. Ba wanda ya lura ba ta iso ba.

Ya sauka da sauri ya ce, "Mama, faɗuwa kika yi?"

Ta ce, "A'a, ɗana, lafiyata ƙalau. Na zo bayan kasuwa na waiwaya, ba kowa. Ni kaɗai a kan titi, masu shago suna kallona. Shekara biyu ina zuwa gudun nan, sai yau na san ashe ni ce ta ƙarshe. Da in na tsaya hutawa, Baba ma sai ya tsaya a bayana, ya ce igiyar takalminsa ce ta kwance. A fita ɗaya takan kwance sau biyar." Ta share idonta da bakin rigar, ta ce, "Ku yafe mini, ba zan ƙara zuwa ba."

Kunya ta rufe Irmiya. Sai a lokacin ya gane tsohon aiki yake yi a bayan nan, aikin da ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ya sani balle a nemi mai gadonsa. Ya kuma san in matar nan ta zauna a gida, ciwo ne zai same ta a can. Ya durƙusa ya ce, "Mama, ki ƙara zuwa Asabar ɗaya kawai."

Ta zo. Da aka tashi gudu, Irmiya ya koma bayanta. Abin ya yi masa wuya fiye da kowane tseren da ya taɓa yi. Ƙafafunsa suna ƙaiƙayi, yana jiyo tafin waɗanda suka iso daga nesa, zuciyarsa tana cewa da ma shi ake tafa wa. Shi bai iya dabarar takalmi ba, don haka in ta tsaya sai ya tsaya kawai, ya rasa inda zai sa idonsa. Rana ta yi sama kafin suka iso, ita a gaba, shi a baya. Asabar ta gaba ma Mama Laraba ta zo.

'Yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: gudun nan tafiyarmu ce ta bangaskiya, ƙungiyar kuwa ikilisiya ce. Muna son masu gaba, masu murya da masu wa'azi, amma da yawa a cikinmu ba su ne suka riƙe mu ba. Wani ne ya rage saurinsa saboda mu, bai kuwa bari mun ji kunya ba. Haka Ubangijinmu yake yi da marasa ƙarfi. Idan irin wannan mutum ya tafi, hoto a riga ba laifi ba ne, amma tunawa ta gaskiya ita ce wani ya je ya tsaya a inda yake tsayawa. Saboda haka kafin ka fita daga ɗakin sujada yau, ka tambayi kanka wa aka bari a baya a cikinmu. In ka rasa sunan ko mutum ɗaya, to, ka yi nisa da yawa a gaba. Ka waiwaya.