Hannun da Ya Shekara Biyu Yana Neman Kan Man-sik

Akwai wani maƙwabcinmu a nan Mokpo, ƙasar Koriya ta Kudu, Pyo Man-sik, tsohon direban tasi. Taurin kai gare shi, in ya ce a'a, magana ta ƙare.

Wata rana ya sunkuya zai ɗaga buhun shinkafa, bayansa ya riƙe. Tun daga ranar ya ɗaure ƙugu da ɗamara, ya daina sunkuyawa sam. Ko abinci a tsaye yake ci, iyali na zaune a ƙasa.

Duk sabuwar shekara 'ya'ya da jikoki sukan durƙusa har ƙasa su gaida tsohuwarsa, wadda ta makance, ita kuma ta shafa kan kowa. Shekara biyu tana miƙa hannu wajen Man-sik ba ta samun komai.

A asibiti aka ɗauki hoto, ƙashi lafiya lau. Aka tura shi wurin likita Seol, mai koya wa masu ciwon baya yadda za su daina tsoron motsi.

Ta ce, "Baba, me kake ganin zai faru in ka sunkuya?"

"Zan karye, in ƙare a keken guragu."

"To, mu gwada wannan tunanin. Yau taɓa gwiwarka kawai."

Ya fusata. "Yarinya, bayana ke ciwo, ba kaina ba!"

Ya dawo gida yana ta sababi. Matarsa ta bari ya gama, ta ce, "Baban Hye-rin, Iya fa ta tambaye ni laifin da ta yi maka har ka daina gaishe ta."

Washegari ya koma wurin likita.

Ya fara da gwiwa, sannan ƙauri, daga baya ya cire ɗamarar. In ciwon ya taso yakan ce wa kansa, "Zafi ne, ban karye ba." Wasu ranakun ya kwanta yana tsaki, gari na wayewa ya ci gaba.

Ranar sabuwar shekara bayansa bai daina ciwo ba. Haka ya sauka a hankali har goshinsa ya kai ƙasa. Tsohuwa ta miƙa hannu, ta taɓa furfura, ta tsaya.

"Man-sik? Ashe ka huce."

Hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Iya, ban taɓa fushi da ke ba. Tsoro nake ji."

Darasi: Tsoron ciwo kan ɗaure mutum fiye da ciwon kansa. In likita ya ce ka motsa, fara kaɗan-kaɗan, kuma ka faɗa wa naka abin da ke damunka. Ku tura wa wanda ciwon baya ya zaunar.