Reshe Ɗaya a Bayan Rumbu

A wani ƙauye na kan dutse akwai wata mace, sunanta Rifkatu. Mijinta Gayus ya dasa wani ɗan itace tsakanin ƙofar ɗakinsu da rumbu, irin wanda muke kira furen Kirsimeti. Ganyensa kore ne duk shekara, amma da Disamba ta matso sai na kan rassan ya rine ja wur. Gayus yakan yanko rassan, Rifkatu ta kai coci, matan zumunta su ƙawata bagade da su.

Ana tsakiyar damina Gayus ya kwanta ciwo, kwana ya ƙare. Tun daga ranar Rifkatu ta tsani duhu. Da rana takan daure, har dariya takan yi. Amma da magariba ta yi, sai gidan ya yi mata faɗi. Sai ta sayi fitila mai caji da rana, ta rataya a bakin ƙofa, daidai saman itacen, tana ci har gari ya waye. Kada ku ga laifinta, 'yan'uwa. Da ni ne, biyu zan rataya.

Itacen kuwa ya sha gata: ga ruwa, ga taki, ko akuya ba ta isa ta sunsuna shi ba. Ta ƙudura a ranta, bana ma sai furen Gayus ya hau bagade, kada a manta da shi.

Disamba ta zo, itace yana nan kore shar. Mama Laraba, uwar zumunta, ta leƙo ta ce, “Rifkatu, ya haƙuri? Muna nan muna jiran furen maigida fa.”

Rifkatu ta ce, “Mama, duba da idonki. Ba abin da ban yi masa ba. Shi ma ya bi mai shi.” Sai hawaye.

Mama Laraba ta ce, “Haba 'yata, share hawayenki. Ke fa mai bi ce.” Rifkatu ta share, ta haɗiye sauran.

Ana gobe Kirsimeti ta zaga bayan rumbu ɗibar itacen girki. Sai ta tsaya cik. Ashe wani reshe ya miƙe ta can, inda hasken fitila ba ya kaiwa, ga shi ja wur! Nan ta tuna yadda Gayus yakan ce da ita in ta bar tsohuwar fitilarsu ta kananzir tana ci a ƙofa, “Kashe fitilar nan, ki bar itacen ya kwana cikin duhunsa. A nan yake samun jan.” Ita kuwa shekara da shekaru ta ɗauka rowar kananzir ce kawai.

Ta yanke reshen, farin ruwansa yana ɗiga a yatsunta, ta kai coci. Shi kaɗai ne a bagade, cikin kwalba. Da yamma ta sauke fitilar da hannunta, ta zauna a ƙofa, ta yi kukan da take ta ɗagawa, tana kiran sunan Ubangiji. Sauran rassan sai bayan sabuwar shekara suka rine. Sun makara, amma sun rine.

Ma'anar misalin nan ke nan. Itacen ranmu ne. Duhun shi ne lokacin rashi da ciwo, sa'ad da muke addu'a mu ji shiru. Fitilar kuwa ita ce duk abin da muke ratayawa don kada mu ji zafin: yawan hidima, dariyar dole, da “lafiya lau” da muke faɗa alhali ba lafiya. Allah ba ya barin aiki don rana ta faɗi. Akwai abin da yake yi a zuciyar mutum wanda sai a duhu yake nuna.

Mu kuma da muke zuwa ta'aziyya, Mama Laraba ba muguwa ba ce, ƙauna ce ta kawo ta. Amma in kun tarar da mai makoki yana kuka, kada ku yi saurin kunna masa fitila. Ku jawo kujera, ku zauna tare da shi.