Matar da Ta Ƙi Komawa Kogi

Akwai wani maigida da ke zaune a hayin kogi, rumbunansa cike da hatsi. A shekarar da yunwa ta faɗo wa ƙasar, sai ya kira tsohon baransa ya ce, "Je ka bakin kogi. Duk wanda ya zo yana so ya zama ɗan gidan nan, ka riƙe hannunsa ka ƙetare da shi, ka ce masa, 'Na karɓe ka da sunan maigida.'"

To, baran nan mai in'ina ne. Kafin ya ƙarasa kalma ɗaya, wani ya sha furarsa har ya wanke ƙwarya.

Sai ga wata gwauruwa da goyo a baya, ƙafafunta duk sun kumbura. Tsohon ya kama hannunta suka shiga ruwa har ƙirji, ya ce, "Na ka-ka-karɓe ki da su-su-sunan maigida." Ta fito a hayi sharkaf. Aka ba ta ɗaki da 'yar gona, ta zauna ta reni ɗanta.

Ana nan tsohon ya rasu. Maigida kuma ya yi tafiya, ya bar gidan a hannun wani wakili mai zaƙin baki. Wakilin ya tara mutane ya ce, "Karɓar da tsohon nan ya yi muku ba karɓa ba ce, kakkarya maganar ya yi. Kowa ya koma kogi in sake ƙetarewa da shi. Wanda ya ƙi, ya bar mana gida kafin girbi."

Tsoro ya kama mutane, suka bi shi ɗuu. A cikin ruwa yana ta rangaɗawa, "Ni wakili na karɓe ka, na ba ka wuri a inuwata." Magana dai ga daɗi, amma ko sau ɗaya bai ambaci maigida ba.

Gwauruwar nan kuwa tana tsakar gida tana dakanta. Wakili ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, ba ki ji shela ba ne?"

Ta ce, "Na ji sarai. Ba inda za ni."

"Gonarki fa? Ɗakinki fa?"

Ba ta da wani wurin zuwa. Duk da haka ta jingine taɓarya ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ɗan nan, ran da aka ƙetare da ni kana ina? Harshen tsohon ya sarƙe, ban musa ba, amma sunan da ya kira ya fito. In ka ga dama ka watso tukwanena waje. A ƙofar nan zan zauna sai mai gidan ya dawo."

Ai kuwa ya watso su. Ta zauna, ruwan sama ya dake ta, maƙwabta na yi mata dariya.

Da maigida ya dawo ya tarar da ita a ƙofa, ya ji labari, sai ya ce, "Da sunan wa aka karɓe ki?"

"Da sunanka, ranka ya daɗe."

"Tashi ki shiga ɗakinki." Sa'an nan ya juya ga wakili ya ce, "Kai kuma da kake karɓar mutane da sunanka, ina rumbunka da za ka ciyar da su?"

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Maigidan shi ne Allah, kogin kuwa baftisma. Wasunku wani dattijo ne ya yi muku ita a rafin ƙauye, da yarenku, ko da Hausar da ba ta nuna ba. In dai cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ya yi, kuna kuwa ba da gaskiya ga Yesu, to an karɓe ku, magana ta ƙare. Sarƙewar harshe ba ta rushe baftisma. Abin tsoro shi ne a ajiye sunan nan a sa wani a gurbinsa, komai daɗin jerin kalmomin.

Saboda haka in wani mai zaƙin baki ya zo ya ce taku ba ta yi ba sai ya sake muku, ku tambaye shi da sunan wa aka karɓe ku tun farko. Sa'an nan ku ba shi amsar iyar nan: "Na ji sarai. Ba inda za ni."