Ragowar Baƙin Man Sodangi

Akwai wani mai sayar da atamfa a Sakkwato, sunansa Sodangi. Gidansu yana Ƙofar Marke, gida guda suke zaune da mahaifiyarsu Inna Dije da ƙanensa Mu'az, wanda kabu-kabu yake yi da wani tsohon babur.

Sodangi shi ne ɗan fari. To ku yaran yanzu ba lalle ku san wannan ba, amma mu a zamaninmu uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. In Inna za ta kira shi sai dai ta ce "kai wanga". Amma Mu'az kam, bakinta ba ya hutawa. Mu'az ya kai ni asibiti, Mu'az ya kai ni gaisuwa, Allah shi yi wa Mu'az albarka.

Sodangi ya san al'ada ce. Sani daban, zuciya daban. Shi ke kawo buhun gero, shi ya gyara rufin ɗakinta, amma duk sanda ya ji ta ambaci ƙanensa sai ya ji haushi. Tun yana yaro abin yake cin sa, har ya yi gemu bai bar shi ba.

Da Allah ya buɗa masa, ya sayi mota ta hannu, fara, mai kyau. Burinsa guda ne: ranar sunan ɗiyar ƙanwarsu Wasila a Gidan Igwai, Inna ta fito daga cikin motarsa a gaban dangi, ba daga bayan babur ba. Ya ce ko sau ɗaya a rayuwa a ce shi ya kawo ta.

Ana gobe suna ya kai motar garejin Malam Audi a Tudun Wada don a yi mata juyen mai. Mu'az ne ma ya nuna masa wurin, don can yake gyaran baburinsa.

Malam Audi ya zubar da tsohon mai, ya sa sabon filta, ya ɗura sabo. Ya zaro geji, wannan siririn ƙarfen da ake duba yawan mai da shi, ya goge ya mayar ya sake zarowa.

"Ya kai alama, Alhaji," in ji shi. Ya girgiza galan ɗin man. "Ga ɗan ragowa nan. Ka tahi da shi gida ka ba Mu'az, babur ɗin nan nasa ƙishirwa ta kusa kashe shi."

Nan take fuskar Sodangi ta canza. Har a gareji ma Mu'az? Ya san in ya shiga gida da galan ɗin, Inna za ta gani, za ta ce a ba yaron. In ya bar shi a nan, Malam Audi zai ba shi. Ko ta ina man nan hanyar Mu'az yake nema.

"Juye shi duka ciki," ya ce.

"Cikin mi?"

"Cikin motata. Ba ni na saya ba?"

Malam Audi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga mutumin ba ya dariya sai ya ce, "Alhaji, inji ba tumbin mutum ba ne da za a ce ƙara loma. In ya wuce alama hayaƙi za ta yi maka, tana iya fara yoyo ma."

"Ɗan wanga abin? Zuba dai."

Malam Audi ya ɗaga kafaɗa. "Motarka ce." Ya zuba, ya jefar da galan wayam.

Jikokina, kun ji aikin kishi. Mutum ya gwammace ya cutar da abinsa da ya ga ɗan'uwansa ya amfana.

Washegari Sodangi ya sha shadda, ya fesa turare, ya buɗe wa Inna ƙofar baya da kansa. Ta shiga da ƙullin kayan barka, ta shafa kujera, ta ce, "To, Allah shi tsare." Iyakar abin da ta ce ke nan, amma ya ji daɗi.

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso, ga rana ta ɗaga. Sai wani wari ya fara shigowa, kamar an manta kasko a kan wuta. Ya duba madubi ya ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana bin su.

Wani ɗan kabu-kabu ya zo daidai tagarsa yana kare hanci da hannu. "Alhaji, tsire ake gasawa ciki? A sa mini na ɗari biyu!"

Na bayansa ya ce, "A'a, maganin sauro yake yi wa gari, ku gode masa!"

Inna ta fara tari. Ita dama ƙirjinta ba ya son hayaƙi. Ta ja mayafi ta rufe hanci, ta daure, ta daure, can ta ce, "Kai wanga, tsaya in sauka. Kira mini Mu'az."

Wannan kalma ta fi masa zafi fiye da dariyar 'yan kabu-kabu. Ya gangara gefen titi, ya zaunar da ita a bencin wata mai ƙosai, ya kira ƙanensa a waya.

Mu'az ya iso, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya biya ya ɗauko Malam Audi a baya. Tun kafin su sauka Mu'az yake faɗa.

"Haba Malam Audi! Ni na kawo maka Yaya, na ce masa ba ka da na biyu a Tudun Wada. Motar gidanmu guda, wadda duk abokaina na gaya musu, ita za ka lalata? Wallahi in wani abu ya same ta, ni da kai ne!"

Malam Audi ya nufi motar. Ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya nuna inda man ya haura alama. Sannan ya ɗago ya dubi Sodangi, yana jira.

Sodangi ya tsaya yana kallon ƙanensa. Yaron da ya hana ragowar mai, shi ne yake neman dambe da mutum saboda motarsa. Motar gidanmu, in ji shi. Da Sodangi ya ja bakinsa, Malam Audi zai ɗauki laifin, don ba mai tona asirin abokin ciniki ba ne. Amma kunya ta riga ta kama shi har wuya.

"Bar shi, Mu'az," ya ce. "Ya hana ni. Ni na ce ya juye duka."

"Don mi, Yaya?"

"Don kada a ba ka ragowar."

Mai ƙosai ta daina juya ƙosanta. Mu'az ya dubi yayansa, sai kuma ya fashe da dariya. "Yaya! Ai da ka hwaɗi, da na ce ka sha abinka da koko."

Inna ba ta yi dariya ba.

Malam Audi ya ce abin bai yi muni ba, injin bai lalace ba. Zai ɗan sassauta notin ƙasa ya rage man a gora, amma sai ya huce, don yanzu ko kusa hannu ba ya taɓuwa. Ga shi mata sun fara taruwa a gidan suna, Wasila sai kira take.

Mu'az ya juya babur. "Inna, hau mu tahi."

Sodangi ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, abin da ya guda ya same shi, kuma da hannunsa ya jawo.

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ce wa Mu'az, "Kai tsaya ka tsare mota. Ba shi makullin babur." Ta nuna Sodangi da haɓa, ba ta dube shi ba. "Wanda ya ɗauko ni shi za ya kai ni."

Haka Sodangi ya naɗe shaddarsa ya hau tsohon babur, Inna a baya da ƙullinta. Injin yana ta ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai lokacin ya ji da kunnensa ƙishirwar da Malam Audi ya faɗa.

Suna cikin tafiya ya ji ta riƙe gefen rigarsa. Tun da ya yi wayo bai tuna ta taɓa riƙe shi ba. Ta yi magana a hankali, kamar da iska take yi.

"Wanda ake hwaɗin sunansa da rana, an san shi. Wani kuma a sujada ake hwaɗin nasa, inda ba mai ji. Ya bar ƙona kansa a banza."

Sodangi ya ci gaba da tuƙi. Da suka isa ƙofar gidan Wasila idanunsa sun yi ja, ya ce wa mutane iskar babur ce.

Da yamma Malam Audi ya kawo mota lafiya lau, da gorar man da ya rage, tas da shi. Sodangi ya karɓa, ya durƙusa da shaddarsa a tsakar gida, ya ɗura wa babur ɗin ƙanensa da kansa.

Darasi: Kishin ɗan'uwa kai yake fara ci. Abin da ya yi maka yawa, in ka hana na kusa da kai, shi zai dawo ya shaƙe ka. Kuma ba duk son da ba a furta ba ne babu shi, musamman na uwa. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, ku fara da wanda kuka san kuna ɗan jin haushinsa.