Waziri Jatau da Ƙullin Madara

An yi wani sarki a Birnin Dargaza wanda ya gaji wata doguwar igiya, kowane umarni na mulki da irin ƙullinsa a jikinta. Kullum da safe sankira yakan bi ta yana shelanta ƙulli bayan ƙulli, wanda ya tarar an dafe kuwa sai ya tsallake. Wani makaho, Cindo, shi ke dafe ƙullin kiran masu dafa madara, don kada a ƙona itace a banza. Ranar da Fulani suka kawo madara sai su miƙa masa ƙwarya, ya saki igiya ya karɓa, sankira ya yi kira.

Waziri Jatau kuwa, duk sanda sarki ya tsaya gaida makahon nan, sai ya kau da kai. Shekara talatin yana hidima, bai taɓa samun irin wannan madalla ba, hassada tana ta cin sa.

Wata rana ya ce wa sarki, "Allah ya ba ka nasara, ɗora hannu kawai ake yi wa wannan yabo?"

Sarki ya ce, "Riƙe aikin kwana uku, Waziri. In ka iya, na sallame shi. In ka gaza, rawaninka nasa ne."

Ranar farko waziri ya dafe ƙullin masu ɗebo ruwa, don a ido duk kama suke, fada ta wuni da ƙishirwa. Cindo ya kama yatsansa ya ce, "Ranka ya daɗe, shafa za ka yi. Ƙullin madara tudu uku ne, kwari ɗaya." Taimakon ya fi ƙishirwar yi masa ciwo.

Rana ta uku Fulani suka iso, suka miƙa ƙwarya. To, waziri ba ya karɓar kaya da hannunsa. Ya ce, "A ajiye," ya ƙara danne ƙullin. Sankira ya tsallake, madarar gari ta tsinke kafin azahar.

Sarki ya ce, "Wurin kamawa an koya maka, amma ba ka san lokacin saki ba."

Jatau ya warware rawaninsa, idonsa jawur, ya miƙa. Cindo ya karɓa da hannu biyu.

Adalci shi ne mai riƙo ya san inda zai dafe, ya kuma ɗaga hannu idan haƙƙi ya iso ƙofa.